Wasiƙa: Kaziye na wahalar da masu neman bizar zama waje

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku da ma'aikatanku baki ɗaya, Allah shi ƙara basira. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana kan wata takarda ƙwaya ɗaya da ke ba mutanenmu wahala fiye da girmanta, wato kaziye, takardar nan da ke nuna ko kotu ta taɓa yanke ma mutum hukunci ko ba ta taɓa ba. Ni ba alƙali ba ne kuma ba lauya ba, shagon hotokopi da buga takardu gare ni nan Tawa, to amma aikin ya sa kusan kullum sai dosiyen wani ya biyo ta hannuna, daga mai neman konkur har mai neman bizar zama Kanada ko wata ƙasa, kuma su masu bizar su ne wagga takarda ta fi cin ma tuwo a ƙwarya.

Tun wajen inda za a nemo ta ake fara ɓata. Ƙasashen da ake son zuwa suna rubuta ma mutum cewa shi kawo shaidar 'yan sanda, saboda can wajensu da ƙasashe irin Najeriya da Gana 'yan sanda ke bada ta, sai ka ga yaro ya kwashi jiki ya tahi komisariya ya yi layi rabin yini kafin wani mai tausayi shi ce mishi ai ba nan ba ne, jeka gidan shari'a. Mu nan Nijar tsarin Faransa munka gada, magatakardan kotu ke riƙe da kundin, shi ke cike takardar shi sa hannu a buga hatimi. Kuma kala uku ce. Lamba 1 ta alƙalai ce, lamba 2 ta wasu ma'aikatun gwamnati ce, lamba 3 ita ce wadda ake ba mutum a hannunshi kuma ita ce ake sakawa cikin dosiyen biza. Abin da za ka kai bai da yawa, takardar haihuwa ko jijman, wato takardar kotu da ke maye gurbinta, da kuɗɗin tambur, kuɗɗin ma ba su taka kara sun karya ba. In ba ka da komi a rubuta babu komi a miƙo maka. Wanda ya ji haka sai shi ce to mine ne abin rubuta wasiƙa har jarida?

Abin rubutawa shi ne ba kowace kotu ke ba ka ita ba, sai kotun wurin da anka haife ka. Malam Edita ka dubi girman ƙasar nan. Daga Yamai zuwa Tawa wajen kilomita 550 ne, ka bi Doso ka bi Dogon Dutsi ka bi Ƙonni kafin ka karkato arewa, Damagaram wajen 900, Diffa ta haura 1300. Yaron da anka haifa a Buza ko Keita ko Cintabaraden lokacin da babanshi ke aikin malanta ko jandarma can, anka ɗauke shi yana goye, ya girma Yamai ya yi karatu Yamai bai san kowa ba a garin, yau in yana son kaziye sai dai shi koma inda anka yanke mishi cibi ko shi shiga neman wanda ya san wani da ya san wani. Kuma kowa ya san hanyoyin yanzu ba kamar da ba ne, akwai wuraren da mutum ba ya shiga mota sai ya yi tambaya ya ƙara tambaya. To wanda ke Abija ko Kazablanka ko Istambul fa?

Yadda ake yi dai kowa ya sani. A ɗauki hoton takardar haihuwa a turo ta WhatsApp, a turo kuɗɗi ta Nita ko Amana, ɗan uwa shi zo wajen irinmu a fiddo mishi ita a takarda, shi hau kabu-kabu shi kai kotu, in an dace a samu da wuri in ba a dace ba a ce mai sa hannu ya yi tahiya ko yana zaman shari'a a dawo jibi, in ta fito a sa ambulan a kai tashar bas a ba masu aika saƙo, can Yamai wani shi je shi karɓa, in mai ita na waje kuma a sake neman matafiyi ko a biya kamfanin aika takardu kuɗɗi masu ciwo. Kowane mataki da ɗan abin da yake ci, na mai, na kati, na goro, kafin takardar ta isa hannun mai ita an kashe ninkin ba ninkin kuɗɗinta. Kuma tana isa ta fara tsufa, don al'adar ma'aikatunmu ita ce kaziye in ta wuce wata 3 ta mutu.

Na yi ƙoƙarin gane dalilin wanga tsari kuma gaskiya yana da dalili, ba mugunta ba ce. Ko ina anka yanke ma mutum hukunci cikin ƙasa, ana cike ɗan kati a aika ma kotun mahaifarshi, don mutum na iya sauya gari sau goma amma wurin haihuwa ɗaya ne, to can ake tara komi nashi. Dabara ce mai kyau a zamaninta, Faransawa sunka fito da ita tun 1850, zamanin da saƙo ke tahiya bisa doki. Amma su da sunka ƙirƙiro ta sun daɗe da barin ta, tun 1982 sun tattara kundin ƙasar duka wuri ɗaya a birnin Nant cikin kwamfuta, yau mutum na zaune ɗakinshi zai nemi lamba 3 ta intanet kuma kyauta. In an ce ai wannan Turai ce, to Benin da ke nan maƙwabtanmu tun 2020 ake neman kaziye ta intanet, Burkina ma da muke cikin ƙawancen ƙasashen Sahel na AES tare ta buɗe nata a 2023, ga su da matsalar tsaro irin tamu ga rashin kuɗɗi irin namu. Mi ya rage mu?

Kuma akwai abin da ke damuna wanda ya wuce wahalar tahiya. Tsarin duka ya dogara ne ga wancan ɗan katin ya tashi daga kotun da ta yi hukunci ya isa kotun mahaifa, wani ya karɓa ya jera shi inda ya dace, gara ba ta ci ba ruwa bai jiƙa ba. In bai isa ba fa? Sai mai laifi shi samu takarda fara tas daidai da ta wanda bai taɓa taka ƙofar kotu ba. Su ma ofisoshin jakadanci ba yara ba ne, sun san ƙasashen da kundinsu ke cikin kwamfuta da waɗanda nasu ke cikin kwali, kuma gwargwadon yadda sunka yarda da takardar ƙasa gwargwadon yadda suke sauƙaƙa ma 'yan ƙasar. Ke nan gyaran ba don 'yan tahiya waje kaɗai ba ne, darajar hatimin ƙasa ce.

Bari in zo kan abin da su ƙasashen ke nema, don nan ne mutanenmu na Adar ke faɗawa rami. Da yawa suna zaton kaziyen Nijar kaɗai ta isa tunda ɗan Nijar ne. Ba haka ba ne. Kanada, wadda yanzu ita matasa masu faransanci sunka fi sa ma ido tunda tun 2023 take ware zaɓe na musamman don masu jin faransanci, tana son takarda daga kowace ƙasa da ka zauna wata 6 a jere ko fiye bayan ka cika shekara 18, a tsarinsu na neman bizar zama da ake kira Express Entry shekaru 10 na baya suke dubawa. Ta ƙasar da kake zaune yanzu kada ta wuce wata 6 da fitowa ranar da za ka tura dosiye, ta ƙasar da ka baro kuma sai wadda anka bada bayan zamanka na ƙarshe can. Kuma ba kai kaɗai ba, in da matarka cikin dosiyen ita ma sai tata, haka ɗiyan da sunka kai 18. Abu ɗaya da munka samu sauƙi shi ne Kanada na karɓar faransanci, kaziyenmu ba ta bukatar fassara. Amurka nata ya ɗan bambanta, daga shekara 16 take farawa, ƙasarka da ƙasar da kake zaune in ka yi wata 6, wata ƙasa daban in ka yi wata 12, sannan duk inda anka taɓa kama ka ko kwana nawa ka yi a wurin. Ko da yake ita Amurka yanzu ƙofarta ta ƙuntata gare mu tun da ta sa Nijar cikin jerin ƙasashen da ta taƙaita ma biza a ƙarshen 2025, Faransa kuma ofishin jakadancinta na Yamai a rufe yake tun farkon 2024, amma dokokin takardu na nan, kuma masu aure da masu iyali can ba su daina haɗa dosiye ba.

To Malam Edita ka ɗauki wagga doka ka aza ta bisa Ba'adare. Wane gida ne a Tawa ko Illela ko Keita ko Madawa da babu ɗan bida? Mu da tahiya tun kakanni, yaro na tasawa zai bi yayyenshi Abija ko Kwatano ko Lome ko Akara, wasu Legas da Kano, wasu Kamaru da Gabon, wasu su haura arewa Aljeriya da Libiya. Ya yi shekara biyu yana turin baro ko saida shayi ko gadi ko tallan agogo, ya dawo ya yi noma ya sake komawa. Da katin ɗan ƙasa ya shiga, wani ma ba da komi ba, bai taɓa yin katin zama ba, babu sunanshi a kundin kowa, ɗakin da ya kwana su goma ne kuma ba da sunanshi anka kama shi ba. Yau Allah ya buɗa mishi wata hanya, an ce kawo shaidar 'yan sandan ƙasar da ka zauna. Wa zai ba shi? Najeriya aƙalla hanyarta a fili take, 'yan sanda ke badawa, ana cikewa ta shafinsu na POSSAP a biya a ɗauki zanen yatsu, Gana ma hedikwatar 'yan sandan ciki ta Akara ke yi. Amma wanda ya zauna Sabha ta Libiya ko Tamanrasat ta Aljeriya a ɓoye, wanda duk zamanshi gudun 'yan sanda yake, yau shi koma shi ce musu ku ba ni shaidar zaman lahiya?

Nan ne wasu ke cewa to kawai kada a rubuta, a ce ba a taɓa fita ba. Ni dai duk wanda ya zauna gabana da wagga shawara ina ce mishi a'a, in ya nace shi kai wani shago. Fasfo na da tambarin iyaka, Facebook na da hotunanka gaban teku, takardun aikin da ka saka da kanka suna nuna shekara biyu da babu bayaninsu, kuma mai duba dosiyen aikinshi ke nan tun sahe har marece. Kanada in ta kama ka da ɓoye gaskiya shekara 5 ba ka sake nema, Amurka kuwa har abada ne sai wani ikon Allah. Alhali akwai hanya, su Kanada da kansu sun ce in takarda ta gagara ka kawo shaidar ka nema, rasit ko wasiƙar da ka aika ko amsar da anka ba ka, ka haɗa da bayani a rubuce na dalilin da ya sa ba ta samu ba. Ba tabbas ba ne za su karɓa, mai duba dosiyen ke da hukunci, amma wanda anka ce ma dosiyenka bai cika ba yana iya dawowa gobe, maƙaryaci ba ya iyawa.

Haka zancen kamu. Kaziye lamba 3 hukuncin kotu take nunawa, ba ta nuna kwanan da mutum ya yi a komisariya kan rigimar fili ko faɗan matasa anka sake shi. Sai mutum shi ga takardarshi fara shi ɗauka shi ke nan, alhali cikin tambayoyin da ake cikewa akwai wadda ke cewa an taɓa kama ka ko tsare ka, ba hukunci kaɗai ba. Tambaya biyu ce daban, kowace da amsarta. Wanda kuma anka taɓa ɗaurewa da gaske, doka ta tanadi hanyar wanke suna bayan wani lokaci, lauya zai nema tun da wuri ba ɗan kamasho ba.

Sai babbar matsala wadda wallahi ita ta fi cinye mini lokaci a shago, sunaye. Mutum ɗaya, takardar haihuwa ta ce Mahamadou, difloma ta ce Mamadou, fasfo ya ce Mohamed, kaziye ta fito da Mahaman. Aboubacar nan Boubacar can, Issoufou nan Youssouf can, wani wurin s ɗaya wani wurin biyu. Mu a gida duk mun san mutum ɗaya ne, ko Mamman ka kira shi zai amsa, amma baturen da ke duba dosiye a kwamfuta mutum huɗu yake gani. Ga rikicin wane ne sunan yanka wane ne na iyali, tunda mu sunanka ne da na babanka wani lokaci da na kaka, wannan magatakarda shi fara da naka wancan shi fara da na baba. Ga waɗanda ba a yi ma takarda ba lokacin haihuwa sai jijman daga baya, an rubuta an haife shi wajen shekara kaza babu rana babu wata, fasfo ya sa 1 ga Janairu, wata takardar ta bar wurin fayau. Wani ma jijman biyu gare shi, ɗaya na shiga lakwal da anka rage mishi shekaru ɗaya na gaskiya, kuma ba gari ɗaya anka yi su ba, to wace kotu ce tashi? Shawarata kullum ita ce kafin ka kashe ko dala wajen biza ka baza takardunka duka bisa tabarma ka bi su harafi harafi, fasfo shi ne uba, duk wadda ta saɓa mishi a gyara ta tun yanzu, kuma wanda ka aika karɓar kaziye ka ce mishi kada shi bar ƙofar kotu sai ya gwada ta da hoton fasfo. Gyara a wurin minti kaɗan ne, in ta riga ta shiga bas sai a sake sabon lale.

Lokaci kuma ba ya jira. Express Entry in sun gayyace ka kwana 60 ne gare ka ka tura komi da komi, masu cacar biza ta Amurka kuma sun san 30 ga Satumba, in ta wuce ba ka samu ba shi ke nan ta ƙone. Shi ya sa mutane ke rikicewa, ka nema da wuri ta mutu kafin a kira ka, ka jira kiran kwanaki su ƙare tana hanya. Ni abin da na ga ya fi shi ne a fara da masu wuya, na ƙasashen da anka baro, tunda su in ba ka koma ba ba su lalacewa da sauri, ta gida a bar ta daga baya amma a riga a san wa za a aika kuma takardar haihuwa na hannunshi. Ɗalibanmu da ke Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Turkiyya da Senegal su ma su ji, kafin ku tattaro ku dawo ku adana katin zamanku da hotonshi, ku tambayi yadda ake neman takardar daga nesa, ku bar wakilci a rubuce wajen wanda kunka yarda da shi. Da yawa sai bayan shekara uku suke tunawa, lokacin abokan duk sun watse.

Wagga gaggawa ita ke ciyar da 'yan kamasho. Suna nan bakin kowace ma'aikata da 'yar jaka a hammata, kawo jikka kaza in fiddo maka yau yau ba sai ka je garinku ba. Wani da gaske ya san hanya kuma takardar gaske zai kawo, kuɗɗinka kawai zai ci, wani kuwa bayan gari zai zaga inda ake sassaƙa hatimi, kai ba ka sani ba ka ɗauka ka tura. Sauri ya haifi nawa. Ranar da anka gano ba shi za a nema ba, sunanka ke bisa takardar, kuma amfani da takardar jabu laifi ne a dokarmu, wato garin neman shaidar ba ka da laifi ka jawo ma kanka na farko. Ban cika ganin laifin masu biyansu ba duk da haka, mutumin da ke Diffa an haife shi Tasara an ba shi sati biyu, mi kake son shi yi? Muddin hanyar gaskiya ta fi ta ƙarya nisa da tsada, 'yan jaka ba za su rasa ciniki ba ko an kore su kullum.

Wani zai ce mi ya sa za mu sauƙaƙa ma masu barin ƙasa, su zauna mu gina ta tare. Wannan muhawara ce ta wata rana, amma duk wanda ya san Adar ya san buhunan hatsi nawa kuɗɗin 'yan waje ke saye lokacin da rumbu ya ƙare, da gidaje da masallatai da rijiyoyin da sunka gina. Kuma kaziyen nan ita ce dai mai konkur ke nema, da mai neman aiki, da ɗan takara lokacin zaɓe, kowa na shan wahala iri ɗaya.

Don haka kirana ga ma'aikatar shari'a shi ne a haɗa kundin kotunan ƙasar nan wuri ɗaya yadda mutum zai shiga kotun da ta fi kusa da shi ko shi nema ta waya, a sa ma takardar lambar da ofishin jakadanci zai iya bincikawa shi tabbatar ta gaske ce. Na san wannan aikin kuɗɗi ne da lokaci, sai an bi tsofaffin katuna an shigar da su ɗaya bayan ɗaya, ga wutar lantarki da ke yi mana wasa. Amma kafin nan akwai abin da ba ya bukatar ko tamma, a liƙa farashi da jerin takardu da kwanakin jira a ƙofar kowane magatakarda da faransanci da Hausa, a bada rasit, a yarda kotu da kotu su yi magana tsakaninsu a madadin mai nema maimakon a tura shi hanya, ofisoshin jakadancinmu da ke Abija da Kwatano da Kano da sauran wuraren da mutanenmu sunka yi yawa su riƙa karɓar buƙata suna turowa gida. Ku kuma 'yan jarida don Allah ku aika wakilinku shi zauna da wani babban magatakarda shi yi ma jama'a bayani dalla-dalla cikin Hausa, musamman zancen masu jijman biyu da waɗanda anka haifa waje, ku buga shi a ba gidajen rediyo su ma su karanta, don mafi yawan masu wagga wahala ba su karatun faransanci.

Na gode da wanga fili, a gaida mutanen Yamai.

Naku,
Mai shagon hotokopi, Tawa